Ƙwayar SAMe: Alkawarin Kwali da Shaidar Likitoci



Sa'ad da shugabannin ƙungiyarku suka aiko mini da takardar gayyata, sun bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, muddin dai ya shafi lafiya. Ina cikin wannan tunani sai ga wani tsohon ɗalibina, wanda bai daɗe da kama aikin gwamnati ba, ya zo mini da wani ɗan kwali. Ya ce abokin aikinsa ne ya sayar masa, kuɗin kuwa ya ci wani babban yanki na albashinsa. A jikin kwalin an rubuta da Ingilishi cewa ƙwayoyin da ke ciki suna taimaka wa zuciya ta sami walwala, suna taimakon gaɓoɓi, suna kuma taimakon hanta. Niyyarsa ita ce ya raba biyu, rabi ya aika wa mahaifiyarsa mai fama da ciwon gwiwa, rabi kuma ya sha da kansa, domin an taɓa auna jininsa an ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Sai ya ce mini, "Malam, gaskiya ce ko damfara?" Amsar da na ba shi ta yi tsawo, ita ce kuwa na kawo muku yau.

Sunan abin SAMe, taƙaitaccen wani dogon suna ne na kimiyya. Ba ganye ba ne, ba saiwa ba ce, ba kuma baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Kowanenmu da ke zaune nan jikinsa na ƙera shi dare da rana, daga wani sinadari mai suna metiyonin wanda muke samu cikin nama da kifi da ƙwai da riɗi. Wani masani haifaffen Italiya, Giulio Cantoni, shi ne ya gano shi a Amurka cikin 1952. Aikinsa a jiki ya yi kama da na ɗan dako. Yakan ɗauki wani ɗan ƙunshi na kabon ɗaya da haidirojin uku, ya kai wa duk sinadarin da ke bukata, ya sauke, sa'an nan jiki ya sāke sabunta shi da taimakon bitamin B12 da folik asid. Ƙwaƙwalwa na bukatar wannan dako wajen sarrafa sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su. Hanta kuwa ita ce babbar masana'antarsa, ta wannan hanya kuma take samun gulutatayon, watau abin da take kare kanta da shi daga dafi. Ashe ke nan waɗanda suka haɗa zuciya da hanta a kwali ɗaya ba daga sama suka tsinto zancen ba. Ruwa ba ya tsami banza.

To, amma jiki yana bukatar abu daban, haɗiye shi ya warkar da cuta kuma daban. Jiki na bukatar ƙarfe, duk da haka ba wanda ya ce mai lafiya ya dinga shan maganin ƙarin jini. Abin da zai raba gardama shi ne gwaji: a raba marasa lafiya biyu, a ba waɗansu magani, a ba waɗansu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba tare da su ko likitan sun san wa ya sami wanne ba, sa'an nan a ƙirga.

Kafin mu je ga ƙirga, ya kamata ku san wani abin mamaki. A Italiya tun cikin shekarun 1970 magani ne sosai, sai da takardar likita. Haka yake a Rasha, inda aka san shi da sunan Heptral ana ba masu ciwon hanta. A Amurka kuwa ya shiga kasuwa cikin 1999 da sunan ƙarin abinci. Dokarsu ta 1994 ba ta tilasta wa mai sayar da ƙarin abinci ya kawo hujjar cewa kayansa na aiki kafin ya sa a kanti ba. An hana shi ya ce "yana warkarwa", amma an bar shi ya ce "yana taimakawa". Ku duba kwalayen da ake shigo mana da su, za ku tarar da wannan kalma tana ta maimaituwa. Ba kunya ce ta sa su sassauta harshe ba, lauya ne.

Mu fara da ciwon damuwa, domin nan ne aka fi daɗewa ana gwada shi. Ba ina nufin ɓacin ran faɗuwa jarrabawa ba, a'a, cutar nan da ke hana mutum barci da ci da sha'awar kome har makonni. Cikin 2010 likitoci a Boston ta Amurka suka ɗauki mutum 73 waɗanda maganin damuwa na asibiti bai yi musu aiki sosai ba. Aka ƙara wa waɗansu SAMe miligiram 800 sau biyu a yini har mako 6, waɗansu kuma ƙwayar wofi. Kimanin kashi 36 cikin 100 na masu SAMe suka sami sauƙi, alhali na ɗaya ɓangaren ba su kai kashi 18 ba. Labari mai daɗi. Sai dai cikin 2014 aka buga wani gwaji da ya fi wannan girma, na mutum 189 har mako 12, inda aka gwada SAMe da sanannen maganin damuwa esitalofiram da ƙwayar wofi. Sakamako: babu wanda ya fi wani. Mai sayarwa zai ce muku, "Ai ya yi kunnen doki da maganin asibiti!" Gaskiya ne, amma ya bar rabin zancen a aljihu, domin ya yi kunnen doki da ƙwayar wofi ma. Cikin 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna nauyinsu, ta duba gwaji 8 na mutum 934, ta ce shaidar ba ta da ingancin da za a yanke hukunci da ita. A ganina akwai ɗan hayaƙi a nan, mai yiwuwa ma akwai wuta, amma ba wadda za a dafa tuwo da ita ba tukuna.

Zancen gaɓoɓi da tsautsayi aka same shi. Masu ciwon damuwa da ake gwada maganin a kansu ne suka riƙa cewa gwiwoyinsu sun yi sauƙi, likitoci suka bi sawu. Ciwon da ake nufi shi ne wanda guringuntsin gaɓa ke cinyewa saboda shekaru ko nauyin jiki, irin wanda iyayenmu ke kira sanyin ƙashi. Cikin 2004 aka buga wani gwaji daga Jami'ar Kalifoniya inda aka gwada SAMe miligiram 1200 a yini da maganin ciwo selekoksib. A wata na farko selekoksib ya yi gaba, a wata na biyu suka yi daidai. Wannan yana da amfani, domin magungunan ciwon gaɓoɓi da tsofaffinmu ke saye a kemis kullum suna jawo gyambon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda. Amma da Cochrane ta haɗa gwaji 4 na mutum 656 cikin 2009, sai ta tarar fifikonsa a kan ƙwayar wofi bai kai rabin maki ba a ma'aunin ciwo mai maki 10, gwaje-gwajen kuma ƙanana ne masu rauni. Rage ƙiba da motsa gwiwa kullum sun fi wannan shaida, ba su kuma cin ko kwabo.

Yanzu sai hanta, a nan kuwa nake roƙonku ku ba ni hankalinku duka. Gwajin da aka fi ambata shi ne na Sifen, wanda José Mato ya jagoranta aka buga cikin 1999. Mutum 123 ne waɗanda hantarsu ta ƙandare saboda shan giya, aka bi su shekara 2. Cikin masu ƙwayar wofi kashi 30 cikin 100 suka mutu ko aka yi musu dashen hanta, cikin masu SAMe kuwa kashi 16. Da ido bambanci ne babba, amma mutanen kaɗan ne, lissafi bai iya kore cewa dace ne ba, sai da aka fitar da waɗanda cutarsu ta fi tsanani sa'an nan bambancin ya tsaya da ƙafarsa. Cikin 2006 Cochrane ta duba gwaji 9 na mutum 434, ta ce ba ta sami abin da zai tabbatar ko ya ƙaryata ba.

Ku lura da irin hantar da aka gwada: hantar mashaya giya a Turai. Mu kuwa abin da ya fi cin hantarmu ƙwayar cutar B ce. Babban binciken da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100, tsakanin shekara 15 zuwa 64, suna ɗauke da ita. Ku ƙirga kujerun wannan zaure ku yi lissafi da kanku. Daɗin daɗawa ga dafin fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in ba a shanya su da kyau ba, wanda in ya haɗu da wannan ƙwayar cuta yakan gaggauta sankarar hanta. SAMe ba ya kashe ƙwayar cutar B, ba ya ma rage yawanta. Akwai magani mai danne ta, tenofobir, likita ne zai auna ya ga wanda ke bukatarsa da wanda sa ido ya ishe shi. Akwai kuma allurar rigakafi, wadda ta shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004. Cutar nan takan yi shekara 20 ba ta yi motsi ba. Saurayin da ke haɗiyar ƙwayar kwali yana jin garau zai ɗauka ita ce ke aiki, alhali kuwa shirun cutar ne. Ran da ciki ya kumbura, idanu suka yi shawara, yawanci an makara. Asarar kuɗin ƙarama ce, asarar shekarun ita ce ba ta da mayarwa.

Kada kuma a ce tun da jiki ne ke ƙera shi ba ya cutarwa. Ƙananan illolinsa su ne tashin zuciya, gudawa, rashin barci da fargaba. Manyan sun fi ban tsoro. Mai cutar nan da ke kai mutum daga ƙuncin rai zuwa zumuɗi marar iyaka, SAMe na iya tunzura shi ya faɗa cikin zumuɗin, ya daina barci, ya yi ta surutu da ɓarnar dukiya, da yawa kuwa ba su san suna da ita ba. Wanda ke shan maganin damuwa na asibiti, in ya haɗa da shi ba da sanin likita ba, sinadarin sirotonin na iya yi masa yawa, ya kawo makyarkyata da zazzaɓi da ruɗewa. Haka in an haɗa shi da tiramadol, ba sai na gaya wa wannan zaure yadda tiramadol ya zama ruwan dare ba. Mai cutar karkarwa ta Parkinson da ke shan lebodofa, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da mace mai ciki ko shayarwa, duk kada su taɓa sai da izinin likita.

Akwai sauran abu ɗaya wanda ya shafe mu musamman. SAMe ba ya jure zafi da laima, shi ya sa ake rufe kowace ƙwaya cikin takardar gwangwani, a kuma lulluɓe ta da ɓawon da ba ya narkewa sai ta wuce tumbi. Kwalin da ya yi makonni a jirgin ruwa, ya kwana a tashar mota, ya zauna a aljihun tebur a ofis cikin zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a ciki. Na tsohon ɗalibina ma babu lambar hukumar NAFDAC a jikinsa. Ko da akwai, ku karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba.

Abin da na ce masa shi ne, rabin mahaifiyarsa ya fara kai kwalin wa likitanta tare da duk magungunan da take sha. In ya yarda, ta gwada wata 2, in ba ta ga canji ba a daina. Nasa rabin kuwa na ce ya ajiye, na rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa a auna yawan ƙwayar cutar da lafiyar hantarsa, a kuma auna matarsa da ƙannensa, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi. Ya ce kuɗin awon da yawa. Muka zauna muka lissafa, sai ga shi kwali uku sun fi shi tsada.

Shugaba, na ga lokacina ya cika.