Maganin zahi da maganin buɗe ciki tare suke tahiya

Zancen yau na lahiya ne. Ya shahi maza da mata na Babankatami da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita.

Akwai magungunan kashe zahi masu ƙarhi ƙwarai. Sunayensu morfin, kodin da taramadol, wanda aka sani da taramol. Lokotoro shina rubuta su ga wanda anka yi ma aiki a asibiti, ko wanda ya karye, ko mai ciwon daji. Suna da amfani babba, don marar lahiya ya samu kwana. Amma suna da wata illa: suna ɗaure ciki.

Ga yadda abin yake. Hanji shina motsi dare da rana, shina tura abinci gaba. Waɗannan magunguna suna rage wannan motsi. Sai kashi ya daɗe cikin hanji, ruwansa ya tsotse, ya yi tauri. Tashin zuciya da jin barci na kwanakin hwarko sukan ragu in jiki ya saba. Ɗaurewar ciki kuwa ba ta raguwa muddin ana shan maganin.

Don haka ma'aikacin lahiya yakan rubuta magani biyu tun ranar hwarko: na zahi da na buɗe ciki. Ba a jira sai ciki ya ɗaure. Na buɗe ciki da anka hi ba da su ne sena da laktulos. Sena dangin hilasko ne na daji. Ana shan shi da dare, ya yi aiki bayan awa 8 zuwa 12. Laktulos ruwa ne mai zaƙi, shi kan kai kwana 2 kahin ya yi aiki. Hilaskon daji ba ya da awo, yana iya sa murɗar ciki da zawo. Na asibiti an auna shi.

Wani yakan sayi na zahi ya bar ɗayan, don rage kuɗi. Wannan ba tattali ba ne. Yunƙuri wurin zagayawa yana tada basir, yana wahalda mai ɗinki a ciki. Wani kuma ya daina shan na zahi, ciwo ya komo.

Mai jinya ya kula da abu huɗu:

1. A ba marar lahiya ruwa da yawa, da kunun tsamiya, da miyar kuɓewa ko zogala.
2. In shina iyawa, ya tashi ya taka kaɗan kowace rana.
3. In ya kwana 3 bai zagaya ba, a hwaɗa ma ma'aikacin lahiya. Babu kunya ga wannan magana.
4. In ciki ya kumbura, ga amai, iska ba ta hita, kada a ƙara maganin buɗe ciki. A kai shi asibiti nan take, Buza, Madawa, Keita ko Galmi, wadda ta hi kusa.

Saura taramol na kasuwa, da samari ke sha don aikin albasa ko noma. Shi ma shina ɗaure ciki. Shina kama mutum har ya kasa bari, shina sa hwaɗuwa kamar hwarhwaɗiya. Ba a shan shi sai da takardar lokotoro.

Wanda ya iya karatu ya duba takardar maganin ɗan'uwansa. In ya ga morfin, kodin ko taramadol su kaɗai, ya tambaya: ina na buɗe ciki?

Allah ya ba mu lahiya.