Auna Gwanintar Masu Rubuta Buɗaɗɗiyar Manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda ake sakin rubutun umarninta a fili domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba, kamar Linux da Linus Torvalds ya faro a 1991. Kamfanoni irin su Red Hat da Intel suna biyan masu rubuta irin wannan manhaja albashi, kuma sau da yawa mai ɗaukar ma'aikata yakan leƙa tarihin gudummawar mutum a shafin GitHub, inda ake ganin ingancin gyare-gyarensa da yadda yake karɓar suka, abin da takardar digiri ba ta nunawa. Sai dai ma'aunin yana fifita mai rarar lokacin aikin sa kai a kan wanda ɗawainiyar iyali ta yi wa yawa, sannan yawan gudummawa ba ya tabbatar da amana. Misali, a Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya bankaɗo ɓoyayyiyar kafar kutse a manhajar XZ Utils, wadda mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa bayan ya shafe kimanin shekara biyu yana aiki tuƙuru har aka sa shi cikin masu kula da ita.