Jifan Ɗalibai da Zargin Daudu, Luwaɗi da Maɗigo a Makarantu: Nauyin Waye Ya Tsawata?

Daga cikin miyagun kalmomin da ɗalibai ke jifan juna da su a makarantun sakandare akwai wani rukuni da malamai ba su cika tsawatawa a kansa ba, ko dai don kunyar maimaita shi da bakinsu, ko don tsoron kada a ce suna ɗaure wa ɓarna gindi, wato kiran yaro ɗan daudu ko ɗan luwaɗi, da kiran yarinya 'yar maɗigo ko mata-maza. Masana ilimin tarbiyya suna sanya irin wannan magana a ƙarƙashin ƙyamar masu sha'awar jinsinsu da ƙyamar waɗanda jinsin da suke ji a ransu ya saɓa wa wanda aka san su da shi tun haihuwa. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne cewa irin wannan zagi ba ya rayuwa sai da 'yan kallo, saboda haka kuskure ne babba a ɗora wa yaron da ake zagi nauyin magance shi shi kaɗai, alhali ajin da ke dariya da malamin da ya kau da kai su ne ke riƙe da maganin.

Wajibi ne a fara rarrabe wasa da cin zali, domin kariyar farko da mai zagi yake kawowa ita ce wasa yake yi. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya fara nazarin cin zalin ɗalibai a ƙasashen Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya kafa sharuɗɗa uku da ake gane cin zali da su: a yi shi da gangan, a riƙa maimaita shi, sannan ya kasance akwai rinjayen ƙarfi tsakanin mai yi da wanda ake yi wa. Bahaushe bai rasa wannan ma'auni ba, domin wasan taubasai da na jika da kaka da na Katsinawa da Gobirawa duk an gina su ne a kan cewa kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma kowa yana tashi da mutuncinsa. Yaron aji ɗaya da siniyoyi biyar suka tare a bakin famfo suna kwaikwayon tafiyarsa, suna rangwaɗa hannu suna maƙale murya, ba shi da bakin ramawa, kuma in ya yi dariya tare da su dariyar neman tsira ce.

Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zalin 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi. Tun kafin nan, a 2016, hukumar ta fitar da rahoto na musamman kan cin zalin da ke da nasaba da jinsi da sha'awa, inda ta jaddada cewa cutarwar tana faɗawa har kan yaran da ake zato kawai, waɗanda laifinsu bai wuce sanyin murya ko ƙin ƙwallo ba.

Wannan batu na zato shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. C. J. Pascoe, masaniyar zamantakewa da ta zauna a wata makarantar sakandare ta jihar Kalifoniya a Amurka tana lura da rayuwar ɗalibai, ta nuna a littafinta na 2007 cewa samari suna jefa wa juna wannan zagi ne galibi don tsaron iyakar mazantaka, ta yadda duk wanda ya yi kuka, ko ya kasa wasa, ko ya nuna tausayi, sai a jefe shi da kalmar, shi kuma ya yi sauri ya jefa wa wani don ya sauke ta daga kansa. Wanda ya san makarantun kwana na ƙasar Hausa zai gane wannan hoto ba tare da wahala ba. Yaron da ya iya girki saboda shi ne babba a ɗakin mahaifiyarsa, da wanda yake son tsafta yana goge kayansa kullum, da yarinyar da ta fi son ƙwallon ƙafa a kan lalle, da ƙawaye biyu da suka raba katifa ɗaya saboda ɗakin kwana ya cika, duk suna iya wayar gari da laƙabin da zai bi su har su gama makaranta. Shi kansa daudu, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009 bayan dogon zama da 'yan daudu a Kano, suna ne na maza masu ɗabi'u da sana'o'in da aka san mata da su, irin su dafa abincin sayarwa, kuma da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Amma a bakin ɗalibi kalmar ta zama dutsen jifa da ba ruwansa da wannan bambanci.

A Najeriya kalmar tana ɗauke da haɗarin da ba ta da shi a Kalifoniya, domin a nan zargi ne na abin da doka da jama'a suke hukuntawa. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu, sannan dokokin shari'a da jihohi 12 na Arewa suka kafa daga shekarar 2000 sun tanadi hukunci mai tsanani a kan luwaɗi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta a rahotonta na 2016 yadda zargi kawai ya zama hanyar tatsar kuɗi da dukan taron dangi bayan kafa dokar ta 2014. A watan Yulin 2025 jaridu sun ruwaito mutuwar ɗalibai biyu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a jihar Kano, bayan dukan da wasu 'yan uwansu ɗalibai suka yi masu bisa irin wannan zargi. Duk malamin da ya ji wannan labari ya kamata ya daina ɗaukar kalmar a matsayin surutun yara, domin tazarar da ke tsakanin laƙabi a aji da sanda a ɗakin kwana gajeriya ce ƙwarai.

Ko inda ba a kai ga duka ba, illar tana nan. Ilan Meyer, masanin lafiyar jama'a a Amurka, ya bayyana a 2003 abin da ya kira matsin da tsiraru ke rayuwa a cikinsa, wato nauyin da ke taruwa a kan mutum daga cutarwar da aka yi masa, da zaman jiran wadda za a yi masa gobe, da wahalar ɓoye kansa, har zuwa lokacin da zai fara gaskata abin da ake faɗa a kansa ya tsani kansa. A makaranta wannan yana bayyana a abubuwan da malami zai iya gani da idonsa: yaron da ya daina ɗaga hannu a aji don kada a ji muryarsa, wanda ba ya fita tara sai kowa ya watse, wanda ke riƙe fitsari yini guda don gudun haɗuwa da wasu a makewayi, wanda ciwon ciki ke kama shi kowace safiyar Litinin.

Akwai masu ganin cewa tsawatawa a kan wannan zagi sassauci ne ga abin da addini ya hana, kuma wannan fahimta ta saɓa wa abin da ake karantarwa a zaurukan malamai. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, aya ta 12 kuma ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗaliban fiƙihun Malikiyya ke karantawa a ko'ina a ƙasar Hausa, ta sanya jifan mutum da luwaɗi a cikin ƙazafi, wato zargin alfasha ba tare da shaidu ba, wanda haddinsa bulala 80 ne. Saboda haka ɗalibin da ke yawo da wannan kalma a bakinsa yana taka hukunci bayyananne, komai yawan kishin addinin da yake iƙirari. Sai dai hujjar ƙazafi ita kaɗai ba ta isa ba, domin tana kare wanda aka yi wa ƙarya ne, ta bar wani yaron a waje, wato wanda a cikin zuciyarsa ya san cewa shi daban yake, kuma yana jin kowace kalma ko da ba da shi ake ba. Malamin da ya kare ɗalibi da cewa «ai shi ba haka yake ba» ya sanar da wancan yaron, ba tare da ya nufa ba, cewa da haka yake da zaginsa ya halatta. Haramcin izgili bai zo da togiya ba, haka kuma sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da sashe na 11 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, waɗanda suka kare mutuncin ɗan Adam da na yaro, ba su gindaya sharaɗin yadda yaron yake tafiya ko magana ba. Yaro amana ne a hannun makaranta, kuma amana ba ta faɗuwa saboda zato ko saboda gaskiyar zaton.

Shawarar da aka saba ba wanda ake zagi ita ce ya yi haƙuri, ya share su, wai mai haƙuri yakan dafa dutse. Haƙuri ɗabi'a ce ta gari, amma in shi kaɗai aka miƙa wa yaro to an sallame shi ne hannu wofi. Abin da ya fi amfanar sa shi ne kada ya shiga gardamar kare kansa daga laƙabin, domin rantse-rantse da kuka su ne abincin masu zagi. Gajeriyar amsa cikin natsuwa, kamar «wannan zagi ne, ban yarda da shi ba», sannan ya bar wurin zuwa inda mutane suke, ta fi doguwar muhawara. Ya riƙa rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka halarta, ya adana hoton saƙon in a zauren WhatsApp na aji aka yi, ya nemi babban mutum guda da ya amince da shi, malami ne ko gwaggo ko yaya, ya gaya masa tun abin bai yi nisa ba. Kada ya biya kuɗin toshiyar baki, domin wanda ya karɓa yau zai dawo gobe, kuma ba wanda yake da haƙƙin tilasta masa bayyana sirrin zuciyarsa. In aka kai ga barazanar duka, ko tunanin hallaka kai ya fara zo masa, to a ranar ya kamata magana ta kai ga iyaye da likita.

Amma babban aikin na 'yan kallo ne. Binciken da Lynn Hawkins da Debra Pepler da Wendy Craig suka wallafa a 2001, bayan ɗaukar hoton bidiyo na filayen wasan makarantun firamare a Toronto ta ƙasar Kanada, ya gano cewa akwai wasu yara a wurin a kashi 88 cikin 100 na lokutan cin zali, amma a kashi 19 kawai suke sa baki, kuma in sun sa baki cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10 a kashi 57 cikin 100 na lokutan. A kan irin wannan fahimta aka gina shirin KiVa na ƙasar Finlan, wanda Christina Salmivalli da abokan aikinta na Jami'ar Turku suka tsara, aka kuma baza shi a makarantun ƙasar daga 2009, inda ake koya wa ajin gaba ɗaya cewa dariyarsu ita ce ladan da mai zagi yake nema. A 2007, a wata makarantar sakandare ta lardin Nova Scotia a Kanada, an zagi wani sabon ɗalibi da zargin luwaɗi saboda ya sa riga ruwan hoda, sai manyan ɗalibai biyu, David Shepherd da Travis Price, suka sayo riguna ruwan hoda kimanin 50 suka raba, washegari ɗalibai masu yawa suka zo da irin wannan launi. Rigar ba abin kwaikwayo ba ce a Kano ko Zinder, kuma tana iya jawo wa yaron ƙarin haɗari. Abin ɗauka shi ne cewa manya ne suka ara wa ƙarami girmansu. A makarantar kwana, inda maganar shugaban ɗalibai da shugaban ɗakin kwana ta fi ta malami tasiri bayan an kashe fitila, siniya guda da zai ce «ku bar shi, ƙanena ne», ko ya kira yaron su ci abinci a kwano ɗaya a gaban kowa, yana iya kashe laƙabin da taron gargaɗi goma bai kashe ba.

Shi kuwa malami, abu na farko shi ne ya tsarkake bakinsa, domin da yawa daga cikin laƙabin da ke bin ɗalibai daga gaban allo suka faro, ranar da aka ce wa yaro ya daina magana kamar mace, ajin ya fashe da dariya. In ya ji zagin, ya tsayar da shi nan take da jimla ɗaya, ya ci gaba da darasi, sannan ya ga mai zagin a keɓe. Kuskure mafi muni, wanda kuma ya fi yawa, shi ne a juya binciken a kan wanda aka zaga, a kira shi ofis ana tambayar sa ko gaskiya ne, ko a fito da shi gaban taron safe, domin wannan yana tabbatar wa makaranta duka cewa zargi ya isa hujja. Inda ake ƙorafin cewa wani ɗalibi ya taɓa wani ko ya tilasta masa, wannan batu ne na kare yara daga cin zarafi, kuma hukumar makaranta da iyaye ne za su bi shi a asirce bisa ƙa'ida; ba a barin sa a hannun siniyoyi su kafa kotun dare. Ya kamata kowace makarantar kwana ta rubuta a dokokinta cewa jifan ɗalibi da irin waɗannan kalmomi laifi ne mai hukunci, ta ware malami ko malamar ba da shawara da yaro zai iya samu ba tare da an gan shi yana shiga ofishin shugaba ba, ta kuma tabbatar da cewa akwai babban mutum da ke kwana kusa da ɗakunan ɗalibai yana zagayawa tsakanin kashe fitila da kiran sallar asuba.