Farfesa Dora Akunyili: Daga Ɗakin Magani Zuwa Yaƙi da Jabu



Marigayiya Dora Akunyili ta soma aiki a 1978 a ɗakin magani na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu, daga baya ta koma koyarwa a jami'ar. Tamu ce ke nan, ita ma ta sha ƙurar alli.

A 1988 ƙanwarta mai ciwon sukari ta rasu sakamakon allurar insulin ta jabu. Wannan miki bai warke ba har lokacin da aka damƙa mata ragamar hukumar NAFDAC a 2001. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta koya wa talaka duba lambar rajista kafin ya biya kuɗinsa. Abin bai yi wa wasu daɗi ba. A Disambar 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, amma ko gezau. A 2007 ma ta rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha.

A ganina, aikinta mafi kusa da mu shi ne gasar rubutu da ƙungiyoyin wayar da kai da ta kafa a makarantun sakandare, domin yaro ya kai darasin gida.

Ta rasu a Indiya ranar 7 ga Yuni, 2014.