Ku Tsare Dukiyar Marayu Ranar Rasuwa

Yau maganarmu a kan ranar da kowane gida zai gani ce, wato ranar rasuwa. A wannan rana hankalin masu gida ba ya tare da su. Macuci ya san haka, shi ya sa yake zuwa da wuri.

Ku fara sanin wannan. Abin da mamaci ya bari, shari'a ta tsara yadda za a yi da shi. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da na kabari. Sai a biya bashi. Sai wasiyya, ita kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 3. Abin da ya rage shi ne gado. Ashe duk kuɗin da aka ɓarnatar wurin jana'iza, daga bakin marayu aka cire shi.

To, mu ɗauki likkafani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da fararen tufafi 3 aka yi masa sutura. Saboda haka farin yadi mai tsabta ya isa, ba sai mai tsada ba. Kada wanda aka yi wa rasuwa ya je kasuwa da kansa. A aiki mutum biyu masu natsuwa. Su tambayi kuɗi a rumfa biyu ko uku, su tsaya a auna a gabansu. Yadi ɗaya inci 36 ne. In mai awo ya rage inci 3 a kowane yadi, cikin yadi 12 ya cinye muku yadi guda ke nan.

Masu haƙa kabari da mai mota, in ba don Allah za su yi ba, a yanke lada da su tun kafin su fara aiki.

Sai maganar bashi. Wani zai zo wurin zaman makoki ya ce yana bin marigayi kuɗi. Kada ku ƙaryata shi, kada kuma ku biya shi nan take. Ku rubuta sunansa da abin da ya ce. Ku nemi takarda ko shaidu. In abin ya rikice, a je gaban alƙali. Haka kuma wanda ya bugo waya ya ce a tura masa kuɗi da sauri, ku dakata sai kun gan shi ido da ido.

Sai abinci. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi ya umurci mutane su dafa wa iyalinsa abinci. Ku duba, maƙwabta ne ke ciyar da gidan rasuwa. Kada kunyar mutane ta sa ku sayar da gona ko ku buɗe rumbu don sadakar uku, ko ta bakwai, ko ta arba'in. Baƙi za su ci su watse, yara kuwa suna nan har damina.

Ga inda karatunku zai yi amfani. Ku sami littafi ɗaya. Gudummawar da ta shigo, a rubuta. Abin da aka kashe, a rubuta, a karɓi rasit. Ranar rabon gado sai a karanta a gaban kowa, ba zargi, ba rigima.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.