Labari Mai Murya da Hoto a Cikin Aji



Abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne wata dabara ta koyarwa wadda ɗalibi zai rubuta gajeren labari, ya karanta shi da bakinsa a ɗauki muryar, sa'an nan ya jera hotuna a kan muryar cikin kwamfuta ko wayar hannu, har abin ya zama ɗan fim na minti biyu ko uku. Asalinta daga Amurka ne. Dana Atchley da Joe Lambert suna cikin waɗanda suka kafa cibiyar koyar da ita a San Francisco wajen 1994, daga baya cibiyar ta koma Berkeley, kuma tun 2015 sunanta StoryCenter. A 2001 gidan BBC ya ɗauki dabarar zuwa ƙasar Wales, inda Daniel Meadows da abokan aikinsa suka riƙa bi gari gari suna koya wa talakawa shirya labarin rayuwarsu. Ƙa'idar da suka bi tana da tsauri: kalmomi kamar 250, hotuna kamar goma sha biyu, tsawon fim kamar minti biyu.

To, wannan tsauri shi ne na fi so mu lura da shi. Yaron da aka ce masa kada ya wuce kalma 250, tilas ya zauna ya tantance abin da yake son faɗi, ya yar da sauran. Haka kuma a tsarin su Lambert ba a taɓa na'ura sai an yi abin da suke kira da'irar labari, watau ɗalibai su zauna zagaye, kowa ya karanta nasa, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi. Ni a ganina kashi mafi girma na ilimin a nan yake, ga shi kuwa ba ya bukatar lantarki ko kwabo.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Idan na rubuta “gari”, mai karatu bai san ko birni nake nufi ko abin tuwo ba sai ya duba maƙwabtan kalmar. Haka “baba”: ko mahaifi, ko kuwa shunin da ake rini da shi. Frank Edgar ya tara mana tatsuniyoyi masu yawa a littattafansa da suka fito tsakanin 1911 da 1913, muna kuwa godiya; amma muryar masu ba da su, da inda suka ja numfashi, da inda suka maƙale murya don kwaikwayon Gizo, duk takarda ba ta riƙe ko ɗaya ba. Na'urar da ke aljihun ɗalibinmu yau tana iya riƙe su.

Alal misali, a ce ɗalibi kakansa marini ne a Ƙofar Mata a Kano. Zai je ya ɗauki hoton rijiyoyin rini, da hannun tsohon da shuni ya kama, ya ɗauki muryarsa yana bayanin yadda ake haɗa baba da toka. In ya dawo sai ya rubuta nasa bayanin, ya tace muryar da wata manhaja kyauta irin Audacity, ya jera hotunan. Kafin ya gama ya koyi tambaya, da rubutu, da kalmomin sana'a waɗanda watakila malaminsa ma bai taɓa ji ba. In ya zo sa rubutu a ƙasan hoto kuma, zai gane cewa ba kowane salon haruffa ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ya nema.

Sai dai akwai rami a hanyar. Na taɓa ba wani aji wannan aiki ban kafa musu ƙa'ida ba, laifina ne. Aka kawo mini fina-finai masu hotuna suna jujjuyawa kamar kan mai hajijiya, kiɗa ya danne magana, na tambayi wani yaro me labarinsa yake nufi, ya yi shiru. Tun daga ranar ba na barin kowa ya kunna na'ura sai na sa hannu a rubutunsa. Na biyu, murya da fuskar mutum amana ce. Dattijuwar da ta ba jikanta labarin aurenta a tsakar gida ba ta ce a watsa wa duniya a intanet ba; wajibi ne a nemi izninta, a gaya mata wanda zai gani.

Ga ma'aikatan ilimi da ke cikin wannan zaure kuma ina da roƙo. An saba in kuɗi sun samu a sayi kwamfutoci a kulle a ɗaki, ƙura ta rufe su. In an tashi kasafi a bana, a ware abin da zai ishi malamai su zauna kwana uku, kowannensu ya shirya labarinsa guda da hannunsa kafin ya nemi yara su yi. Waya ɗaya mai ɗaukar murya sosai, da ɗaki marar hayaniya, sun isa aji guda ya fara.