Wa Zai Koyar da Malamin Kiɗa a New Bell?

 

Ba sai na ɓata muku lokaci da tarihin unguwarmu New Bell ta birnin Duwala ba. Kowa ya san Jamusawa ne suka shata ta wajen 1914, lokacin da suka ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun mutanen Duwala, kuma kowa ya san fatake da mahauta daga arewa ne suka raya wannan gefen namu. Abin da ake mantawa shi ne mahauci ba ya tafiya sai da makaɗinsa. Kalangu tare da wuƙar fawa ya shigo garin nan.

Shekara da shekaru ina jayayya da masu shirya bitar da ake yi wa malaman kiɗa a farkon shekarar karatu, kuma yau ma a kanta nake. Na taɓa zama kwana biyu a irin wannan bita. An ja layuka biyar a allo, muna ta do re mi kamar 'yan aji ɗaya. A rana ta biyu sai ga biki a bayan katanga. Mai kalangu ya saki taken wani dattijo, mata suka rangaɗa guɗa, na duba ƙarƙashin tebur na ga ƙafafun malamai duk suna motsi. Mai gabatarwa ya ce a rufe taga, ana damun mu. Ranar na koma gida da baƙin ciki, domin wanda ya fi mu sanin darasin yana waje, mun rufe masa taga.

Ba na ƙin solfej, wato wannan do re mi, ni ma ina koyar da shi. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya ake raba wuya na jiki da wuya ta wahala, a raba kukan yaro da itacen kuka. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammatarsa, fata ta ɗame, sauti ya hau. Ya sassauta, ya sauka. Da haka yake kiran mutum da sunansa da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Wannan sani a hannu da kunne yake, kuma ta zama gaban mai shi ake samun sa.

Ga hujjar da nake so ku riƙe. A Nijar an yi wani malamin makaranta, Maman Barka, wanda ya yi suna da gurmi. A bakin tafkin Chadi kuwa, masuntan Buduma suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, mai siffar jirgin ruwa, ana ce masa biram. Matasa sun guje shi, har ya rage dattijo ɗaya tilo da ya iya shi, Bukar Tar. A 2002 Barka ya sami tallafin UNESCO, ya bar Yamai, ya tafi har inda tsohon yake, ya durƙusa gabansa a matsayin almajiri. Ya koyi yadda ake ɗaure tsirkiya, ya koyi waƙoƙin da ma'anarsu, tsohon ya damƙa masa biram ɗinsa. Bayan rasuwar Bukar Tar, Barka ya zaga da biram har Turai tare da makaɗinsa Umaru Adamu, faifansa ya fito a 2009, shi ma ya rasu a 2018.

Ku lura da wanda ya tashi ya je wurin wa. Mai takarda ne ya je wurin mai sani. Da an aika wa Bukar Tar takardar gayyata zuwa ɗakin taro a babban birni, aka zaunar da shi a kujerar baya, da biram ya bi shi kabari. Ku lura kuma Barka ya tarar da gidan da zai dawo, domin tun 1989 Yamai take da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya, ake koya wa matasa. Bitar malamai ta gaskiya ke nan: malami ya koma ɗalibi, sannan ya sami inda zai sauke abin da ya ɗauko. Mu a nan masu algaita nawa suka rage? Wace yarinya ce take koyon kiɗan ƙwarya na amada a wurin kakarta? Kuma wannan gari ne da ya haifi Francis Bebey, wanda tun 1969 ya wallafa littafi kan kiɗan Afirka, ya haifi Manu Dibango da ya kai kiɗan makosa duniya a 1972.

Na san za a ce kiɗa roƙo ne, ɗan mutunci ba ya yin sa. Wanda ya faɗi haka ya tuna da muryar da yaranmu suke rera ƙasida ranar saukar karatu; wani ne ya koya musu, kuma shi ma malamin waƙa ne. Wasu za su ce komai yana YouTube. Waya ba ta gyara wa yaro riƙon makaɗi. Masu cewa babu kuɗi kuma, tabarma da inuwa kawai ake bukata.

Shawarwarina ba su sauya ba. Na ɗaya, a ware yini guda cikin kowace bita a yi shi a cikin unguwa, a ƙofar gidan makaɗi. Na biyu, a gayyaci masu kalangu da algaita da mata masu amada a matsayin masu koyarwa, a biya su sefa daidai da na mai digiri. Na uku, malaman Islamiyya masu koyar da ƙasidu su shiga, haka ma makaɗan maƙwabtanmu Bamileke da Basa da Duwala. Na huɗu, kowane malami ya ɗauki take goma daga bakin dattijo ɗaya a shekara, da izininsa, da sunansa a kai, a ajiye a makaranta.

Dattawa, ku kuka san gidajen. Kafin mu watse ina roƙon ku ba mu sunayen tsofaffin makaɗan da suka rage daga nan har kasuwar Kwango, mu malamai mu fara kai gaisuwa ranar Asabar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.